Fábula: Tatsuniyar Mutanen Andalus da Tamu

Mutanen ƙasar Sifen, wadda malamanmu na zaure suka fi sani da Andalus, fábula suke ce wa labarin da ake sa dabba ta yi magana domin a yi wa ɗan Adam hannunka-mai-sanda. Asalin kalmar Latin ne, tushenta guda da hablar, wato yin magana, idan kuwa suka kira zancen mutum fábula, to ƙaryata shi suke yi, kamar yadda Bahaushe kan ce, "Wannan ai tatsuniya ce."

Wannan fanni bai shiga harshensu ta hannun Girkawa kaɗai ba, domin littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibn al-Muƙaffa ya mayar Larabci daga tsohon Farisanci wajen shekarar 750, shi ne aka tarjama zuwa harshen Kastila a 1251 bisa umarnin Alfonso na Goma, tun yana jiran gado. Daga wannan rijiya kuma Abubakar Imam ya ɗebo wasu hikayoyin da ya zuba a Magana Jari Ce.

Amma da aka yi nisa sai hanya ta rabu tsakanin fábula da tatsuniyarmu. A Sifen, marubuci Samaniego ya wallafa nasa fábulas a 1781 domin ɗaliban makarantar Bergara, Iriarte ya biyo da nasa a 1782 yana yi wa marubutan banza zambo, dukansu a waƙe, kuma da wuya labari ya wuce ba a tarar da moraleja ba, wato nasihar da mawallafi ya fayyace don kada almajiri ya ɓata. A Achilafiya kuwa, da sauran garuruwan ƙasar Kazaure, tatsuniya ta dare ce, ta tsakar gida, bayan an ci tuwo an yi lisha, jikoki sun kewaye kaka suna amsa "ta zo mu ji ta". Gizo ya yi ha'incinsa, ya cuci kura, ya ja wa Ƙoƙi wahala, sau da yawa ma ya sha lafiya, tsohuwa kuma ta ce "ƙurunƙus" ba tare da ta yanke masa hukunci ba. Ni dai a ganina wannan ya fi girmama hankalin yaro, ko da yake malaman makarantar boko, da tatsuniya ta shiga manhaja, su ma sun koma tambayar ɗalibai darasin da ke cikinta a jarrabawa.