Kwamfutarka lafiya lau, me ya kai ka ɗura mata magani?

Makon jiya ɗan ƙanwata, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya taso daga Jiratawa da kwamfutarsa a hammata, ido ja wur. "Kawu, ta ƙi tashi, kuma duk rubutun kammala karatuna yana ciki." Na ce me ka taɓa? Ashe abokinsa ne ya zuba masa manhajar sabunta direba daga kile, kwafin sata. Tana buɗewa ta jero masa jan rubutu, wai direbobi 30 sun tsufa. Gogan bai yi wata-wata ba, ya danna babban maɓallin sabuntawa. Sauti ya ɗauke, firinta ta daina amsawa, washegari sai shuɗin allo. Ga kuɗin data sun tafi, ga jikka 5 da mai gyara ya karɓa. Kwamfutar da ko tari ba ta yi!

Abin takaici, ba shi kaɗai ba ne. Daga shagunan buga takardu na Maraɗi har na Tibiri, da wuya ka rasa irin wannan manhaja tana walƙiya a kusurwar allo. Direba, wanda masu gyara ke kira pilot, tafinta ne tsakanin Windows da kayan cikin na'ura. Tsufansa ba cuta ba ne. Jan rubutun nan galibi dabarar talla ce, a tsorata ka ka sayi ta kuɗi. Kwafin sata kuwa sau tari da ƙwayar cuta yake zuwa, kai da hannunka ka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun sha jiki. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Cusa wa tsohuwar na'ura direban da ba nata ba, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

In har akwai matsala, fara da Windows Update. In bai biya buƙata ba, juya kwamfutar, karanta lambar samfurinta, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne, Dell ko Lenovo, ka sauke direba ɗaya tak, na abin da ya lalace. Kafin ka taɓa komai, kwafe takardunka a kile, ka sa Windows ta ajiye maka wurin komawa baya. BIOS kuwa, wato manhajar da ke tada na'urar, kada ka kuskura ka sabunta shi da mataccen batir. Wuta na ɗaukewa ana tsaka da aikin, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Masu gyara, ku ji tsoron Allah, ku daina saka wa mutane abin da ba su nema ba. Kai kuma mai kwamfuta, in tana aiki, ƙyale ta.