Littattafan Kasuwar Kano da Masu Buga Su da Kansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, saboda kukan da iyaye da malaman makaranta kan kawo game da ƙananan littattafan nan na Hausa da ake kira littattafan soyayya. Kafin hakimi ya yi magana a kansu, ya kamata ya san asalinsu, da hannuwan da suke bi kafin su iso ƙasarsa.

A da, buga littafin Hausa na boko aikin hukuma ne. Cikin 1933 Ofishin Fassara na Zariya ya sa gasa, aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da waɗansu. Aikin ya koma hannun Kamfanin Gaskiya cikin 1945, daga bisani kamfanin NNPC da aka kafa cikin 1966. Duk mai labari sai ya aika Zariya ya zauna jira. In editoci sun ga ya dace su buga, in ba su gani ba, shi ke nan.

Abu biyu suka sauya wannan. Na farko, ilmin firamare na kyauta da aka soma cikin 1976 ya fitar da samari da 'yan mata masu ɗimbin yawa waɗanda suka iya karatun Hausa. Na biyu, daga 1986 darajar naira ta faɗi, takarda kuwa daga waje ake sayo ta, sai manyan kamfanoni suka janye, suka tsaya ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, ba abin karantawa. Sai matasan Kano suka daina jiran kowa.

Ga yadda sana'ar ta gudana. Marubuci ya kan rubuta labarinsa da hannu cikin littafin 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta. Sa'an nan ya tara kuɗi, ko na adashi ko na rance, ya tafi wata ƙaramar maɗaba'a cikin gari, a buga masa a takarda mafi araha, mai zane ya yi masa hoton bango. Babu edita tsakaninsa da mai karatu. Wannan shi ne dalilin yawan kurakuran rubutu da ake gani a ciki, shi ne kuma dalilin da ya sa aka faɗi abubuwan da edita ba zai bari su wuce ba.

Mai dubawa zai ga kusan kowane labari an raba shi, na ɗaya, na biyu, wani har na uku. Dabarar mai ƙaramin jari ce. Da cinikin na ɗaya ake buga na biyu, don haka marubuci ya kan yanke labarin daidai inda ran mai karatu ya ɗaga. Da an gama bugu sai ya kai wa dillalai a Kasuwar Sabon Gari, yawanci bashi, ba a biyansa sai kaya sun tafi. Daga nan 'yan tebur da 'yan tasha su kwasa zuwa Katsina da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram. Littafi guda ya kan zaga gida goma, ana ara, ana haya, gidajen rediyo kuma suna karantawa ga waɗanda ba su iya ba. Waɗansu marubuta su kan sa adireshinsu a ciki, masu karatu su aiko da wasiƙu, wani yabo, wani neman shawara kan aurensa.

Da yake ba kamfanin da zai tsaya musu, sai suka kafa ƙungiyoyi. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa. 'Yan ƙungiya su kan jera sunayen littattafan juna cikin nasu, watau kowane littafi tallan 'yan'uwansa ne. Littafin Ado Ahmad, In Da So Da Ƙauna, na farkon shekarun 1990, a kan auren dole yake. Ita kuwa Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, tana ƙarama aka yi mata aure, karatunta ya tsaya. Cikin 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta tara. Malam Aliyu Kamal ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya cikin 2012. Duk hakimin da ya taɓa zaman sulhu ya san irin wannan mata, gama ta sha durƙusawa a zaurensa.

Masana ba su yi baki ɗaya ba. Malam Ibrahim Malumfashi shi ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, yana ganin ba za su daɗe ba. Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, bisa hujjar cewa su suka riƙe jama'a ga karatun Hausa. Hukuma ma ta sa baki. An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano cikin 2001. Cikin 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista. Rubutun bai tsaya ba. Abin da ya rage kasuwar takarda daga baya shi ne fim da wayar hannu, inda da yawa daga marubutan yau ke sayar da labaransu.

Lalle a cikinsu akwai na banza, akwai masu kalaman da ba su dace da yara ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Idan uba ya kawo kuka, hakimi ya sa malaminsa ya karanta littafin tukuna, ya rubuta sunansa da na marubucin da shafin da ake kuka da shi. In akwai abin ɗauka, a aika wa hukumar da abin ya shafa. Kada a bar dogarai ko matasan gari su kwashe kayan mai tebur, gama sau da yawa kayan bashi ne, hasarar kuwa kan marubuci take komawa.

Akwai kuma wani aiki. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma kaɗan daga masu buga nasu suka yi haka. Da yawa ko shekarar bugu ba su sa ba, takardar kuwa ba ta jure gara da damina. Saboda haka ana roƙon malaman hakimai, in sun sami tsofaffin littattafan nan a ƙasarsu, su rubuta sunan littafi, da marubuci, da maɗaba'a, su miƙa su ga ɗakin karatu mafi kusa.