Saƙo da mai karɓa a cikin ƙwan ƙuda

Ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro a kasuwannin Gazawa da Gidan Rumji, shi masana ke kira Drosophila. Abin da ya ja hankalinmu, mu masu nazarin harshe, shi ne yadda ƙwansa ke bambance baya da ciki. Ƙwan yakan fitar da sinadarin Gurken daga kusurwa guda, ƙwayoyin da ke kewaye da shi su karɓa ta hanyar Torpedo, kamar yadda Trudi Schüpbach ta nuna a 1987. Waɗanda saƙon ya isa da ƙarfi su zama baya. Ke nan ma'anar tana cikin yawan saƙon, shi ya sa sinadarin Kekkon ke dakushe mai karɓa, kada abin ya wuce iyaka. In babu Gurken, ƙwan yakan miƙe ba baya, kamar kokwamba, ma'anar sunan ke nan a Jamusanci.