Bayanin Cimar Mutanen Sikotlan, Domin Matafiyi

Zancenmu na yau a kan cimar wata ƙasa ne mai nisa, wadda ake kira Sikotlan. Ita ce arewacin tsibirin Birtaniya, Ingila tana kudu da ita, a shekarar 1707 kuwa suka haɗu suka zama daula guda. Babban birninta Edinbara, amma Gilasgo ta fi yawan jama'a. Mutanenmu suna zuwa can, waɗansu neman ilmi, waɗansu ciniki, waɗansu aikin man fetur a Abadin. Akwai wanda yakan yi wata da watanni bai ci kome ba sai burodi da ƙwai, don tsoron kada ya faɗa cikin haram, har ya komo gida a rame. Akwai kuma wanda yakan saki jiki, duk abin da aka aje gabansa ya kai baka. Duka biyun suna bukatar gyara, gama baƙo makaho ne ko da idonsa, amma matambayi ba ya ɓata.

Sikotlan ƙasa ce ta duwatsu da sanyi da yawan ruwan sama, teku kuwa ta kewaye ta gabas da yamma da arewa. Alkama ba ta jin daɗin galibin ƙasar, sai sha'ir da wani hatsi danginsa da suke kira ot. Tumaki da shanu suna kiwo bisa tuddai, kifi ga shi nan a teku. To, ot da sha'ir da tunkiya da kifi su ne asalin tukunyarsu. Dankalin Turawa daga baya ya shigo, cikin ƙarni na 18.

Ot a wurinsu tamkar gero ne a wurinmu. Akan ɓarza shi, a zuba a ruwa, a sa gishiri, a yi ta juyawa da wata 'yar siririyar muciya har ya yi kauri, ya fi kunu amma bai kai tuwo ba. Da shi ake karya kumallo. Dattawansu gishiri kaɗai suke sawa, suna ganin mai zuba sukari ɓarna ya yi, yaran zamani kuwa zuma da madara suke so. An ce a dā a gidajen manoma akan dama mai yawa a juye cikin aljihun tebur, in ya sandare a riƙa yankan guzuri zuwa gona. Har gasa suke yi masa: tun 1994 masu damu daga ƙasashe dabam-dabam suke taruwa a wani ƙauye mai suna Carrbridge, wanda ya ci a ba shi muciya mai ruwan zinariya. Wannan abinci ba shi da wata shubuha, ga shi da araha, yana kuma riƙe ciki har azahar.

Sai abin da suka fi alfahari da shi, watau hagis. Akan sami zuciyar tunkiya da hantarta da huhunta, a dafa, a niƙa, a gauraya da garin ot da kitse da albasa da gishiri da kayan yaji, sa'an nan a ɗura cikin tumbin tunkiyar a ɗinke, a sake dafawa na sa'o'i. A yau galibi ba tumbi ake sawa ba, wata riga ce ta masana'anta. In an farke shi sai ka ga abu wara-wara mai duhu, kusan kamannin dambun nama mai laima, ga maiƙo ga yaji. Ana cinsa da dankali da aka dafa aka kirɓa, da wata saiwa mai rawayan ciki da suke kira nips, ita ma a kirɓe. Baƙi da yawa daga waɗansu ƙasashen Turai sukan yamutsa fuska in an gaya musu abin da ke ciki. Mu da muka tashi da farfesun kayan ciki ba mu da dalilin haka. Amurka ma tun 1971 ta hana sayar da abincin da ke da huhun dabba, saboda haka hagis na ainihi ba ya shiga can. Su kuwa mutanen Sikotlan suna da barkwanci: sukan ce wa baƙo wai hagis wata 'yar dabba ce ta kan dutse, ƙafafunta na gefe guda sun fi na ɗayan tsawo don ta iya kewaya tudu. Wanda aka gaya wa haka ya yi dariya kawai, kada ya nemi a nuna masa raminta.

Darajar hagis ta ƙaru ne ta dalilin babban mawaƙinsu, Robert Burns, wanda aka haifa a 1759, ya mutu a 1796. Ya yi masa waƙar yabo a 1786, yana ɗaukaka shi bisa cimar masu fahariya. Bayan mutuwarsa abokansa suka taru a 1801 suka yi liyafar tunawa da shi, abin ya zama al'ada. Yanzu kowace ranar 25 ga Janairu, ranar haihuwarsa, akan shigo da hagis bisa faranti, mai algaitar nan tasu mai salka yana busa a gaba, wani ya miƙe ya karanta waƙar, ya zare wuƙa ya farke tumbin.

To, ina hukuncinsa ga Musulmi? Kayan cikin tunkiya halal ne in yanka ya inganta, saboda haka maganar ta koma kan yankan. Halaccin yankan ma'abota littafi yana cikin Suratul Ma'ida, Risala ma ta ambace shi, amma malaman zamani sun yi saɓani a kan mahautan Turai na yau, inda ake sumar da dabba kafin a yanka, ba a kuma san ko mai yankan yana bin wani littafi ba. Bayan wannan akwai abin da ya fi shi hatsari: waɗansu masana'antu da huhun alade da kitsensa suke yin hagis, ba na tunkiya ba, a gidajen abinci kuma sau da yawa akan kwarara masa miyar da aka haɗa da giya. A ganina hanya mafi kuɓuta ita ce a nemi na mahauta Musulmi, ko kuwa wanda ba nama a ciki, na wake da ot da ganyaye, wanda kamfanin Macsween na Edinbara ya fara yi a 1984. Musulmin ƙasar sun kusa dubu 120 a ƙidayar 2022. Babban masallacin Gilasgo an buɗe shi a 1984, na Edinbara a 1998, wanda ya tambaya a can za a nuna masa mahauci.

Amma inda matafiyi zai sake ya ci ya ƙoshi ba waswasi, wajen kifi ne, tun da abin da ya fito daga ruwa ba ya bukatar yanka. Akwai wani farin kifin teku, hadok, wanda suka gwanance wajen bandarsa. A garin Arbroath, bakin tekun gabas, akan yanke masa kai a gyara ciki, a sa gishiri ya kwana, a ɗaure bibbiyu ta wutsiya, a rataya bisa sanda a bakin ganga wadda aka hura wutar itace a cikinta, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Cikin sa'a guda ko ƙasa da haka ya nuna, fatarsa ta yi jajir kamar tagulla, tsokar kuwa fara sol, da taushi. Ba irin bandarmu ba ce da ake busarwa ƙayau don ta yi watanni, wannan ci ake yi da ɗuminsa. Fatake su lura da wani abu a nan: tun 2004 doka ta tsare sunan wannan kifi, ba mai ikon sayar da banda da sunan Arbroath sai in cikin mil biyar daga garin aka yi ta. Ta haka 'yan tsirarun gidaje suka tsare sana'ar kakanninsu daga masu jabu.

Da bandar hadok kuma ake yin romon da ake kira Cullen skink, da sunan wani ƙauyen masunta na arewa maso gabas: kifi da dankali da albasa da madara, shi ke nan, amma ranar da sanyi ya kama ƙashi ba abin da ya kai shi. Sai salmon mai jan tsoka, wanda a yau galibinsa kiwonsa ake yi cikin keji a tekun yamma, ana fitar da shi ƙasashen duniya. Kafinsa wani ƙaramin kifi ne mai mai, herin, ya yi zamani: a 1907 ganga miliyan biyu da rabi aka cika da shi da gishiri, aka kai Jamus da Rasha da maƙwabtansu, mata ne kuwa suke fiɗarsa a bakin teku. Soyayyen kifi da dankali yana kowane lungu, sai dai a yi tambaya biyu kafin a saya: ko an dama ƙullun da giya, ko kuma cikin man da ake soya naman alade ake soya shi.

Wurin da ƙafa ta fi zamewa shi ne karin kumallo a masauki. Za a kawo faranti cike da ƙwai da wainar dankali da nama iri-iri, a ciki akwai wani baƙin abu zagayayye kamar an yanka rogo. Wannan jini ne aka dafa da ot da kitse, wanda garin Stornoway ya yi suna da shi. Jinin da aka kwarara haramun ne ko na wace dabba, balle sau da yawa na alade ne. Siraran yankan nama ja da ke gefensa shi ma alade ne. Haka wani burodi mai gishiri da maiƙo na mutanen Abadin, asalinsa da man alade ake murza shi. A nemi ƙwai da kifi da kunun ot tun kafin a haɗa farantin. Abin da aka saya a ƙunshe kuwa, doka ta wajabta a rubuta abin da ke cikinsa a jiki, sai a karanta, ko a ba wani ya karanta. Alamar da ke nuna babu nama ba ta nufin babu giya.

Wajen kayan zaƙi ba su da na biyu a tsibirin. Biskit ɗinsu na man shanu awonsa sananne ne: sukari kashi ɗaya, man shanu biyu, fulawa uku. Ba ya saurin lalacewa, shi ya sa ya dace da tsaraba. Suna da wata alewa ta sukari da madara da man shanu, wanda ya san alewar madara ba zai ga baƙon abu ba, sai dai tasu ta fi zaƙi har hakori ya amsa. Garin Dundee ya shahara da lemo mai ɗaci da ake dafawa da sukari a shafa a burodi, gidan Keiller ya fara cinikinsa a 1797. Wanda za a yi hattara da shi shi ne kiranakan, watau saman madara mai kauri da gasasshen ot da zuma da waɗansu jajayen 'ya'yan itace. Kyakkyawa ne a ido, amma ana zuba masa wiski, ba ya ma hawa wuta balle wani ya ce ai ta ƙone.

Wiskin nan ita ce babbar hajar ƙasar, ya kamata ɗan kasuwa ya san ta ko da ba zai taɓa ta ba. Daga tsiron sha'ir ake yin ta, a tsima, a turara a tace, a aje cikin gangar itace aƙalla shekara uku, ƙarfinta kuwa ba ya kasa kashi 40 cikin ɗari. Ambatonta na farko a rubuce yana cikin littafin baitulmalin sarkinsu na 1494, a shekarar 2022 kuma abin da suka sayar waje ya haura fam biliyan 6. Sunanta a tsohon harshensu ma'anarsa ruwan rai, mu dai mun san sunan da shari'a ta ba ta. Mai masauki zai miƙo ta don girmamawa, ba don cin fuska ba. A yi masa godiya, a gaya masa ba a sha, yawancinsu ba sa jin haushi. Karin maganar nan ta wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya ba ta kai nan ba.

Madadinta akwai Irn-Bru, lemon kwalba mai ruwan goro, na kamfanin Barr, wanda aka fara sayarwa a 1901. Suna ji da shi ƙwarai, har yana gogayya da Coca-Cola a kasuwarsu. Ɗanɗanonsa ba na lemo ba ne, ba na kome da ka sani ba, baƙo yakan so shi nan take ko ya ƙi shi har abada. Sai shayi, wanda ake sha safe da yamma da madara. Sunan nan Lipton da mai shayi yake kira kullum a bakin tasha, sunan mutumin Gilasgo ne, Thomas Lipton. An haife shi a 1848, ya buɗe ɗan kantinsa na farko a garin a 1871, a 1890 ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, wanda yau ake kira Siri Lanka, ya riƙa ƙulla ganyen a ƙananan ƙunshi yana sayar wa talakawa da rahusa. Ya mutu a 1931, kabarinsa yana Gilasgo.