Ƙirga Maimaitattun Lambobi a Cikin Jeri

3.3.0 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda mai rubuta manhaja yake sa na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta ƙirga lambobin da suka fito fiye da sau ɗaya a cikin jeri. Abin da ake nufi da jeri a nan shi ne lambobin da aka shirya ɗaya bayan ɗaya, kowace da gurbinta. Cikakkiyar lamba kuwa ita ce wadda ba ta da ɗigo, kamar 7 ko 0 ko -12, saɓanin irin su 2.5. Misalan umarni da za a kawo duk na harshen Python ne, wanda Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991, domin umarninsa gajeru ne, kuma yana ba da damar a raɗa wa abubuwa sunayen Hausa.

3.3.1 Abin da Ake Ƙirgawa

Kafin a rubuta ko da layi ɗaya na umarni, wajibi ne a tantance abin da ake son a ƙirga, domin tambayar "nawa ne suka maimaitu?" ba amsa ɗaya gare ta ba. A dubi wannan jeri mai lambobi bakwai:

4, 7, 4, 9, 7, 4, 2

Idan ana tambayar lambobi iri nawa ne suka fito fiye da sau ɗaya, amsar ita ce 2, watau 4 da 7. Idan kuma ana tambayar rara nawa ce za a cire domin kowace lamba ta saura sau ɗaya tak, amsar ita ce 3, domin 4 tana da rara biyu, 7 tana da ɗaya. In kuwa ana son sanin gurabe nawa ne maimaicin ya shafa baki ɗaya, to amsar 5 ce. Akwai ma amsa ta huɗu, ita ce yawan tagwayen da za a iya haɗawa: 4 guda uku suna ba da tagwaye uku, 7 guda biyu suna ba da ɗaya, jimla 4 ke nan. Jeri ɗaya ya ba da 2 da 3 da 5 da 4, kuma babu wadda za a ce kuskure ce sai an san tambayar da aka yi.

Wannan bambanci ba na cikin aji kawai ba ne. A ɗauka cewa lambobin nan na rajistar ɗalibai ne da za a biya kuɗin tallafin karatu. Ɗalibai huɗu ne na gaskiya, amma sunaye bakwai ne a takarda. Idan ma'aikaci ya karɓi amsar 2 ya cire layi biyu, akwai wanda za a biya sau biyu. Idan ya karɓi amsar 5 ya share duk layukan da abin ya shafa, ɗalibi mai lamba 4 da mai lamba 7 sun rasa haƙƙinsu ke nan, alhali ba su suka shigar da sunayensu sau da yawa ba. Amsar 3 ce kaɗai ta dace da wannan aiki. Saboda haka wannan bincike yana ganin mafi yawan matsalar tana faruwa ne tun wajen tambaya, kafin a zo ga na'ura.

Haka kuma, ba kowane maimaici ne aibi ba. Jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ana ba da makinta ne daga 0 zuwa 400, watau maki iri 401, alhali a shekarar 2024 ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi ne suka zauna mata. Da zarar masu jarrabawa sun kai 402, tilas ne a sami aƙalla biyu masu maki ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar da ake dangantawa da masanin lissafi Dirichlet, ɗan ƙasar Jamus, wadda ke cewa idan abubuwa sun fi gurabe yawa, dole wani gurbi ya ɗauki fiye da ɗaya. Maimaici a jerin maki bayani ne mai amfani, amma a jerin lambobin shaida alama ce ta ɓaraka.

3.3.2 Hanyar Gwada Kowace da Kowace

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciyar mai koyo ita ce a ɗauki lamba ta farko a gwada ta da duk waɗanda ke bayanta, sannan a ɗauki ta biyu a yi haka, har a kai ƙarshe. Ana yin wannan ne da zagaye biyu, ɗaya a cikin ɗaya. Hanyar tana da sauƙin fahimta, kuma ba ta cin wuri a ma'adanar kwamfuta. Sai dai tana da illa biyu.

Illa ta farko ita ce, idan aka ce a ƙara ɗaya duk lokacin da lambobi biyu suka yi daidai, abin da zai fito shi ne yawan tagwaye, watau 4 a misalin da ya gabata, wanda kuma ba kasafai shi ake nema ba. Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar kamawa shi ne, muddin babu lambar da ta fito fiye da sau biyu, yawan tagwaye da yawan rara da yawan ire-iren da suka maimaitu duk ɗaya ne. Mai rubuta manhaja zai gwada ta da ɗan gajeren jeri, ya ga amsa ta yi daidai, ya wuce. Sai ranar da wata lamba ta fito sau uku asiri yake tonuwa. Don haka jerin gwaji ba ya cika sai da lamba mai fitowa sau uku a cikinsa.

Illa ta biyu ita ce yawan aiki. Idan yawan lambobin jeri n ne, gwajin da za a yi shi ne n sau n - 1, a raba biyu. Lambobi bakwai gwaji 21 ne kacal. Lambobi 1,000 gwaji 499,500 ne. Lambobi 1,000,000 kuwa gwaji 499,999,500,000 ne. In aka ƙaddara cewa kwamfuta tana yin gwaji miliyan ɗari a daƙiƙa ɗaya, wannan aiki zai ci kimanin daƙiƙa 5,000, watau awa ɗaya da minti 23. Duk lokacin da tsawon jeri ya ninka sau biyu, aikin yana ninkawa ne kusan sau huɗu.

Abin lura a nan shi ne, wannan hanya takan ɓuya a cikin umarnin da ido zai ga gajere ne. A harshen Python akwai umarnin count, wanda yake faɗin sau nawa lamba ta fito a jeri. Duk lokacin da aka kira shi, sai ya bi jerin daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya sa shi a cikin zagaye, yana kiransa a kan kowace lamba, ya koma hanyar gwada kowace da kowace ke nan ba tare da ya sani ba.

3.3.3 Hanyar Tsara Jeri

Hanya ta biyu ita ce a fara tsara lambobin daga ƙarama zuwa babba. Jerin misali zai koma 2, 4, 4, 4, 7, 7, 9. Yanzu duk masu kama ɗaya sun zama maƙwabta, don haka bi ɗaya ya isa a ƙirga su. Dabarun tsarawa masu inganci, irin wadda John von Neumann ya fito da ita a 1945 ta rarraba jeri a sake haɗa shi, suna tsara lambobi miliyan ɗaya da gwaji kimanin miliyan 20. Bisa ƙiyasin da aka yi a sama, wannan bai kai rabin daƙiƙa ba. Umarnin uniq na tsarin Unix a kan wannan dabara ya dogara: maƙwabta kawai yake gwadawa, shi ya sa ake fara bi da bayanai ta umarnin sort kafin a miƙa masa.

Farashin wannan hanya shi ne asarar tsarin asali. Bayan an tsara, ba a san kuma wace 4 ce aka fara shigarwa ba, ga shi a aikin rajista sau da yawa ta farkon ake son a bari. Maganin wannan shi ne a tsara kwafi, a bar jerin asali yadda yake.

3.3.4 Hanyar Ware wa Kowace Lamba Gurbi

Wannan hanya ta yi kama da zaɓen ƙato bayan ƙato, inda kowa yake zuwa ya tsaya a layin ɗan takararsa, sannan a ƙirga kowane layi. Idan an san iyakar lambobin, kamar makin JAMB, sai a tanadi gurabe 401, a zuba sifiri a kowane. Duk makin da aka karanta, sai a je gurbinsa a ƙara ɗaya. Babu lambar da ake gwadawa da wata, kuma sau ɗaya ake bin jerin, ko da ɗalibai miliyan nawa ne. Ana danganta wannan dabara da Harold Seward, wanda ya bayyana ta a 1954. Idan akwai lambobin da ke ƙasa da sifiri, sai a cire mafi ƙanƙantar lamba daga kowace kafin a nemi gurbinta.

Sai dai hanyar tana aiki ne idan tazarar da ke tsakanin ƙaramar lamba da babba ba ta da yawa. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta Nijeriya, NIN, tana da alƙaluma 11, haka ita ma lambar BVN ta banki. Ware gurbi ga kowace lamba mai alƙaluma 11 yana nufin gurabe biliyan ɗari, kuma in kowane gurbi ya ci bayit huɗu, ana bukatar gigabayit 400 na ma'adana, ko da mutum hamsin ne kawai a jerin.

Abin da ya warware wannan shi ne teburin rarrabawa, wanda a Turanci ake kira hash, wanda Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya bayyana tushensa a 1953. A nan ana tanadar gurabe kaɗan, sannan a yi wa kowace lamba wani ɗan lissafi da zai nuna gurbin da za ta shiga, alal misali abin da ya saura bayan an raba ta da yawan guraben. Da gurabe goma, 14 da 24 duk za su nufi gurbi na 4. Wannan shi ake kira karo, kuma teburin yana adana ainihin lambar tare da ƙirgenta domin kada a ɗauki 14 a matsayin 24. Idan ya fara cika, sai a faɗaɗa shi. Ƙamus na harshen Python a kan wannan tebur aka gina shi:

jeri = [4, 7, 4, 9, 7, 4, 2]
adadi = {}
for lamba in jeri:
    adadi[lamba] = adadi.get(lamba, 0) + 1

Bayan an gama zagayen, ƙamus zai nuna cewa 4 ta fito sau 3, 7 sau 2, 9 da 2 kuwa sau ɗaya ɗaya. Fa'idar da ta fi sauri muhimmanci a nan ita ce, daga wannan tebur guda ana iya fitar da duk amsoshi huɗun nan. Yawan lambobin da ƙirgensu ya wuce ɗaya shi ne 2. Jimlar ƙirgensu ita ce 5. Tsawon jeri a cire tsawon ƙamus, watau bakwai ban da huɗu, shi ne 3. Tagwaye kuma ana samunsu ta yi wa kowane ƙirge lissafin da aka nuna a sashe na 3.3.2. Tun daga fitowar Python 3.1 a 2009 akwai Counter a cikin rumbun collections, wanda yake yin wannan aiki da layi ɗaya. A rumbun bayanai na SQL kuma, umarnin GROUP BY tare da HAVING ne yake fitar da irin wannan tebur. A ganin wannan bincike, hanyar ƙamus ce ta fi dacewa da mafi yawan ayyuka, sai fa idan lambobin sun fi ƙarfin ma'adana, inda za a koma tsara su kashi kashi a kan faifai.

3.3.5 Maimaicin Ƙarya

Duk hanyoyin da aka ambata sun dogara ne a kan cewa lambobin sun iso hannun manhaja yadda suke, abin da ba kullum yake tabbata ba. A harshen Java, nau'in int yana da bit 32, kuma babbar lambar da yake iya ɗauka ita ce 2,147,483,647, mai alƙaluma goma. Lamba mai alƙaluma 11 ba ta shiga. Idan aka tilasta ta daga nau'in long zuwa int, sai a yanke samanta ba tare da wani gargaɗi ba, ta yadda lambobi biyu da tazararsu ta zama 4,294,967,296 daidai za su koma abu ɗaya. Manhajar Excel ita ma alƙaluma 15 kawai take riƙewa a lamba, saboda haka lambar katin banki mai alƙaluma 16 takan rasa na ƙarshe, ya koma sifiri. Katuna biyu da suka bambanta a alƙalami na ƙarshe kaɗai sai su bayyana tamkar ɗaya ne. Ƙirgen da za a yi bayan haka zai fito daidai bisa abin da aka ba manhaja, amma mutum biyu ne aka mayar ɗaya.

Sifirin farko ma yana da tasa matsalar. Lambobin waya na Nijeriya da sifiri suke farawa, kuma cikakkiyar lamba ba ta riƙe sifirin farko. Idan a wata rajista 007 da 07 da 7 mutane uku ne daban, mayar da su cikakkun lambobi zai sa a ga 7 sau uku. Dalili ke nan da ya sa lambar da ba a yin lissafi da ita, kamar ta waya ko ta shaida, ta fi dacewa a adana ta a matsayin rubutu. Ƙamus yana karɓar rubutu kamar yadda yake karɓar lamba, don haka umarnin da aka kawo a sashe na 3.3.4 zai yi aiki a kansu ba tare da an canza masa komai ba.