HARUFFAN DA KE BAYAN SUNAN MA'AIKACIN LAHIYA

 Darasinmu na yau ya shafi takardar likita. Muna gaida ɗaliban Azarori da na sauran garuruwan Madawa da Buza da Keita.

Kai da ka koyi karatu, ɗauko karnen awon ɗanka ko takardar maganin da anka rubuta maka. Dubi ƙasan takardar. Za ka ga hatimi, da suna, da waɗansu manyan haruffa uku ko huɗu. Haruffan nan ba ado ba ne. Suna gaya maka irin karatun da mutumin ya yi da irin aikin da gwamnati ta yarda ya yi. A ƙauye duk mai farar riga likita muke ce masa. Amma kowa da matsayinsa.

Haruffan daga faransanci anka ɗauko su. An ɗauki harafin farko na kowace kalma, an jera. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

ASC. Wannan shi ne Agent de Santé Communautaire, ma'aikacin lahiya na cikin jama'a. Shi kake iskewa a ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda anka gina da yawa daga shekarar 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu. Horonsa gajere ne. Yana duba masassara da zawo da tari da ƙananan raunuka. Abin da ya hi ƙarhinsa sai ya tura ka gaba.

ASB. Shi ne Agent de Santé de Base. Ya yi shekara 3 a makarantar kiwon lahiya bayan ya samu birbe. Yana yin allura da rigakahi da awon ciki.

IDE. Shi ne Infirmier Diplômé d'Etat, wato anfarme mai takardar shaida ta gwamnati. Sau da yawa shi ne manjo, shugaban gidan likita. Shi ne yake duba marar lahiya, ya rubuta magani, ya yanke shawarar tura shi babban asibiti.

SFDE. Ita ce Sage-Femme Diplômée d'Etat, ungozomar asibiti mai takardar gwamnati. Aikinta awon ciki da karɓar haihuwa da kula da mai jego da jinjiri. Ka lura, haruffan DE suna ƙarshen IDE, suna kuma ƙarshen SFDE. Duk inda ka gan su, ma'anarsu gwamnati ce ta yi wa mutum jarrabawa ta ba shi takarda.

Idan haruffan sun fara da TS, ma'anarsu babban ma'aikaci mai ƙarin karatu. TSSI na wajen jinya ne. TSSO na wajen haihuwa ne.

Saura Dr. Shi gaban suna yake zuwa, ba baya ba. Shi ne dokta, wanda muke kira lokotoro. Ya yi shekara 7 ko hiye da haka a jami'a, kamar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ana horar da likitoci a Maraɗi da Damagaram kuma. To amma a kula: mai ilimin haɗa magunguna Dr yake sa wa, likitan dabbobi ma haka. Saboda haka karanta layin da ke ƙarƙashin sunan. In ka ga Médecin, likitan mutane ne. In ka ga MCD, shi ne babban likitan gunduma, kamar na Madawa ko Buza ko Keita.

Gidajen ma suna da haruffansu a bisa allon ƙofa. CSI shi ne gidan likita na gari. HD shi ne asibitin gunduma. CHR shi ne babban asibitin jaha, irin na Tawa. Tsani ne, daga ƙasa ake hawansa.

Da yawanku kuna ƙetarawa Najeriya neman magani, wajen Sakkwato ko Katsina. Can haruffan na ingilishi ne. MBBS likita ne. RN mai jinya ne. RM ungozoma ce. CHEW kuwa ma'aikacin lahiya ne na ƙauye.

Mine ne amfanin sanin wannan? Na farko, ba za ka yi hushi ba in ASC ya ce ka tahi gaba. Ba ƙin ka ya yi ba, iyakar aikinsa ke nan. Mace mai naƙuda da jini ya tsinke mata, ko yaro mai suma, kada a tsaya gardama. A karɓi takardar turawa, a kama hanyar Madawa.

Na biyu, za ka tsare ranka da kuɗinka. Akwai masu yawo kasuwa kasuwa da jakar ƙwayoyi da allura, suna cewa su likitoci ne. Ba su da hatimi, ba su da wurin aiki. Allura ɗaya da anka yi ba daidai ba tana iya shanye ƙafar yaro har abada. In maganinsu ya cuce ka, wa za ka kama? Amma takarda mai suna da haruffa da hatimi tana nuna wanda za ka koma wa.

Haruffa kaɗai ba su isa shaida ba, don kowa yana iya rubuta su. Duba ko sunan gidan likitar yana cikin hatimin. In kana shakka, tambayi manjo ko wakilanku na kwamitin kiwon lahiya. Tambaya ba raini ba ce.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zo aji da tsohuwar takardar likita. Ku rubuta haruffan a allo, ku karanta su da ƙarhi, kowa ya hiɗi ma'anarsu. Wanda ya gane ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga aji ba tukuna.

Allah ya ba mu lahiya. Sai mako mai zuwa.