Amfilifaya Mai Kwalba: Shawara Ga Mai Neman Amon Jita Mai Nauyi

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata, ɗan yayata ya yi sallama a gidana da la'asar sakaliya. Bayan mun gaisa, sai ya zaro waya ya nuna mini hoton wata amfilifaya ta jita, baƙa wuluk, tsawonta ya kusa kai na mutum, ya ce: "Kawu, wannan nake so in saya, mai wat 100 ce, shekara biyu ke nan ina tara kuɗinta." Yaron tela ne, da dare kuma yakan kaɗa jita tare da abokansa a wuraren biki, don haka kuɗin da yake magana a kai gumin keken ɗinki ne. Ya zo wurina domin ya san cewa ko da yake nazarin harshe nake koyarwa, tun ina ɗalibi a Ingila na kamu da son jita, har na taɓa yin irin wannan sayayya. Abin da bai sani ba shi ne na yi nadamarta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa wa mai karatu abin da na gaya masa.

Da farko, mece ce amfilifaya mai kwalba? Dattawanmu za su tuna tsofaffin akwatunan rediyo da sai an kunna su an jira sun yi ɗumi kafin su yi magana, waɗanda idan aka leƙa bayansu za a ga wasu 'yan kwalabe na gilashi suna ja kamar garwashi. Waɗannan kwalabe, da Ba'amurke Lee de Forest ya ƙirƙiro nau'insu mai ƙara ƙarfin sauti a 1906, su ne zuciyar kayan lantarki har zuwa lokacin da taransista, wadda aka gano a 1947, ta kore su daga rediyo da talabijin, saboda ta fi su araha da sauƙin nauyi, ba ta kuma fashewa. Amma har gobe makaɗan jita sun ƙi rabuwa da kwalba.

Dalili kuwa yana cikin abin da injiniyoyi ke ɗauka aibi ne. Idan aka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, ba ta yanke sauti farat ɗaya, sai ta riƙa lanƙwasa shi sannu a hankali, ta haifar da wasu ƙananan amo a saman na asali. Tsirkiya ta biyar ta jita tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa. Kwalbar da aka matsa wa za ta ƙarfafa amon da ke kan 220 da 330 da 440, sai sautin ya yi kauri, ya daɗe bai mutu ba. Mu ɗaliban ilimin furuci mun san wannan lissafi, domin haka muryar ɗan Adam take: maƙogwaro ya samar da amo mai hawa-hawa, baki da hanci su tace shi ya zama wasali, kamar yadda Gunnar Fant ya fayyace a 1960. A wajen jita, kwalba ce maƙogwaro, lasifika kuma ita ce baki. Kunnen Bahaushe ma ba baƙo ba ne a nan, don kuwa tsirkiyar da ke kwance a kan fatar kalangu, da ɗan ƙarfe mai zobba da ake maƙala wa garaya, an sa su ne domin amo ya yi kurman-kurman, kada ya fito tas babu gishiri.

Su ma Turawa da gangan suka nemi wannan gurɓata. A 1964, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga lasifikarsa domin ya sami sautin da yake so. Shekara biyu kafin nan, Jim Marshall, mai shagon sayar da ganguna a unguwar Hanwell ta Landan, ya fito da JTM45, wadda ya kwaikwayi tsarinta daga Bassman ta kamfanin Fender na Amurka. Da makaɗa irin su Pete Townshend suka matsa masa lamba cewa suna son abin da zai danne ƙarar ganga da ihun jama'a, sai ya ƙera mai wat 100 a 1965. Da ire-irenta Jimi Hendrix da Jimmy Page da Angus Young suka gina abin da ake kira tsohon kiɗan rok. To, a nan ne gizo yake saƙarsa: waɗannan amfilifayoyi ba su da maɓallin da zai ba ka gurnani a ƙaramar murya. Zaƙinsu ba ya fitowa sai an buɗe su har ƙarshe, manyan kwalaben da ke tura lasifika sun jigata. An yi su ne a zamanin da jita ke cika babban zaure da ƙarfin kanta.

Sauti mai nauyi irin na kiɗan metal kuwa ta wata hanya ya biyo. A farkon shekarun 1970, Randall Smith na kamfanin Mesa/Boogie a Kalifoniya ya jera ƙananan kwalabe, wannan tana ɗura wa waccan, ta yadda sauti zai gurɓata tun kafin ya isa manyan kwalabe. Marshall ya sa maɓallin rage murya na gaba ɗaya a 1975, ya kuma fito da JCM800 a 1981. Metallica ta yi amfani da Mesa Mark IIC+ a faifanta na 1986, sannan a 1992 kamfanin Peavey ya fito da 5150 tare da Eddie Van Halen, wadda aka sake wa suna 6505 a 2005. Ke nan tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: gurnanin da nake so, daga manyan kwalabe yake fitowa ko daga ƙanana? Idan tsohon rok ne, ƙaramar amfilifaya da za ka iya buɗewa sosai ta fi babba da za ka riƙa lallaɓawa. Idan metal ne, nemi mai ƙananan kwalabe da yawa, mai hanya biyu, ɗaya ta tsaftataccen sauti ɗaya ta gurnani.

Sai batun wat, wanda a kansa ne yarona ya fi kafewa. Na ce masa: "Ɗana, kana zaton mai 100 ta ninka mai 50 ƙara?" Ya ce ai lissafi ne. Na ce lissafin kunne dabam yake. Ninka ƙarfin wuta desibel 3 kacal yake ƙarawa, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka kuwa sai an ninka ƙarfin sau 10. Ma'ana, mai wat 10 tana bayar da kimanin rabin ƙarar mai wat 100. Amfilifaya mai kwalba ta wat 15 zuwa 30 ta isa ta yi gogayya da mai ganga, a babban fili kuma makirufo ake kafa mata a gaba. Masu ƙera kayan sun gane haka: Orange ya fito da Tiny Terror mai wat 15 a 2006, Marshall kuma ya fito da ƙananan samfurin tsofaffin amfilifayoyinsa masu wat 20 a 2019, waɗanda ake iya sauke su zuwa wat 5. Kada kuma a manta da lafiya. Masana kiwon lafiyar ma'aikata sun ƙayyade desibel 85 na tsawon awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi. Kunnen da ya mutu ba a sayen sabo.

Ana yawan musu a kan jinsin kwalba. EL34, wadda Marshall ya shahara da ita, an san ta da amon tsakiya mai cizo. 6L6 ta Fender da Mesa an san ta da faɗin ƙasa da tsabtar sama. EL84 ta Vox AC30 kuwa takan fara gurnani da wuri. Duk gaskiya ne, amma a gwajin da na sha yi, canza lasifika ya fi canza kwalba tasiri nesa ba kusa ba. Lasifikar jita tana zubar da akasarin amon da ya haura kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, wanda in ba don haka ba gurnanin zai zama tsiwar ƙudan zuma. Greenback ta kamfanin Celestion ta dace da tsohon rok, Vintage 30 kuma ta fi riƙe nauyi. Saboda haka kada ka sayi amfilifaya sai ka ji ta da jitarka, a kan lasifikar da za ka tafi da ita gida, a kuma matakin ƙarar da za ka riƙa kiɗa.

Yanzu bari in faɗi tawa wautar. Ina gab da kammala karatu na sayi tsohuwar amfilifaya mai wat 100 da akwatinta mai lasifika 4, nauyinsu ya haura kilo 55, na biya kuɗin dako da ya kusa kai kuɗin saye. Da na iso gida na tarar ba ni da inda zan buɗe ta, domin kafin ta fara zaƙi maƙwabta sun fara sallama. Wata rana da dare, cikin gaggawa, na kunna ta na hau kaɗawa ban lura wayar lasifika ta zare ba. Shiru na ji, sai kuma ƙaurin ƙonewa. Taransifomar da ke tsakanin kwalabe da lasifika ce ta ƙone, domin amfilifaya mai kwalba ba ta jure aiki babu lasifika, kuma dole adadin om ɗinsu, 4 ko 8 ko 16, ya yi daidai. Mai gyaran rediyon da na kai wa ya ce rabonsa da ganin kwalba tun yana yaron shago. Wata bakwai tana jibge kafin na sami kayan gyara.

Wannan ya kawo mu ga yanayin ƙasarmu, abin da masu talla a intanet ba za su gaya maka ba. Wadda aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take ci, mu kuwa 230 ne, don haka ta Ingila ko Turai ta fi dacewa da mu. Wutar da ke hawa da sauka, da ta ƙaramin janareta, suna gajarta ran kwalba, saboda haka kuɗin sitabilaiza mai kyau yana cikin kuɗin saye. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna buƙatar a bar mata iska a kuma rufe ta bayan ta huce. Kwalabe suna tsufa, kuma masana'antunsu 'yan ƙalilan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 sai da suka yi wuya, farashinsu ya tashi. A cikinta akwai wutar da takan haura bolt 400, tana kuma iya maƙalewa bayan an kashe, don haka kada wanda bai sani ba ya tura hannu.

Na kuma tuna wa yaron cewa makaɗan jitar Abzin da yake ƙauna, irin su Bombino da Mdou Moctar, a wuraren bikin Nijar suka goge da ƙananan kayan da hannu ya kai gare su, kafin duniya ta san da zamansu. A yau ma akwai na'urori masu kwaikwayon kwalba ta hanyar kwamfuta, irin su Kemper da ta fito a 2011, waɗanda manyan makaɗa ke yawo da su ba tare da jin kunya ba. Amo a yatsu yake farawa.

Daga ƙarshe mun tsaya a kan mai wat 20, mai lasifika ɗaya, wadda zai iya ɗaurawa a bayan babur. Ragowar kuɗin ya sayi sitabilaiza da kwalabe biyu na ajiya, ya kuma biya kuɗin hayar shagonsa na wata shida. Da zai tafi ya dubi tawa mai wat 100 da ke lulluɓe a kusurwar ɗaki, ya ce: "Kawu, ita wannan fa?" Na ce masa ita ce malamata, kuma kuɗin makarantarta na riga na biya mana mu biyu.